Allurar Zafi 'Yar Aike Ce, A Saurari Saƙonta

  Ina gaida waɗanda ke gida, da waɗanda ke shago, musamman kuma direbobinmu da ke kan hanya yanzu haka, hannu a kan sitiyari, kunne a kan rediyo. Allah ya sauke ku lafiya.

Yau zancenmu a kan allura ne. Wata 'yar siririyar allura ce da ke gaban direba, maƙwabciyar allurar mai. A gefe guda an rubuta harafin C, a ɗaya gefen harafin H. A wasu motocin kuma shuɗi ne a ƙasa, ja a sama. Ita ce allurar zafin inji.

Kowa na kallon allurar mai, don ita ke taɓa aljihu. Ta zafi kuwa sai a yi wata guda ba a dube ta ba. Sai ranar da ta fara rawa. Ta hau, ta sauka. Ta sake hawa, ta sake sauka. To, ranar ce hankali ke tashi.

Abin da nake so mu riƙe yau guda ɗaya ne. Allurar nan 'yar aike ce. Inji ba ya magana, shi ya sa ya aiko ta. Idan ta fara rawa, tambaya biyu za ka yi mata: yaushe kike hawa, yaushe kike sauka? Amsar tambayar nan ita ce rabin gyara.

Bari in fara da abin da ya same ni.

Wata bazara ce a Kano, ana tsakiyar zafin watan Afrilu. Ina da wata tsohuwar mota da ta daɗe tana rufa min asiri. Sai na lura da wani abu. Da na shiga cunkoso, allura sai ta fara lallaɓawa sama. Da hanya ta buɗe na taka mai, sai ta dawo tsakiya kamar ba ita ba. Kwana uku ana haka.

Na kai ta wajen wani matashin bakanike. Ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci. Ya ce, "Oga, tamostat ne. Cire shi za mu yi mu jefar, ai na ƙasar sanyi ne. Sannan a sa lagireto mai layi biyu." Ya faɗi kuɗi. Na ce masa sai na yi shawara.

Kashegari wani aboki ya raka ni wajen wani dattijon bakanike. Na same shi a gindin darbejiya, yana wanke wasu notuna a cikin kwanon fetur. Na gaishe shi, na yi bayani. Bai tashi ba. Ya ce, "Malam, a ina take hawa? A tsaye ko a guje?" Na ce, "Baba, a tsaye." Ya ce, "In ka kama hanya fa?" Na ce, "Sai ta sauka." Ya gyaɗa kai, ya ce da yaronsa, "Tada ta, ka bar ta tana aiki."

Muka zauna muna kallo. Allura ta kai tsakiya. Ta wuce tsakiya. Dattijo ya ce, "Kasa kunne. Kana jin ƙarar fanka?" Na ce a'a. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zare wani ɗan baƙin abu mai kama da ƙwayar magi, ya canza shi da ɗan'uwansa na kusa. Nan take fanka ta ɗauka, fuuu. Allura ta fara saukowa a kan idona. Rile ne ya mutu. Kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.

Kun ji bambancin. Na farko bai tambayi 'yar aike komai ba. Na biyu ya saurare ta.

To, kafin mu shiga karanta saƙon, bari mu ɗan leƙa cikin injin, mu ga yadda ruwa ke yawo. In an gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Inji wuta yake ci. Fetur na ƙonewa a cikinsa ba ƙaƙƙautawa. Kaɗan daga cikin zafin nan ne ke zama ƙarfin da ke juya taya. Wani ya fita ta salansa. Ragowar kuwa ruwa ne ke kwashe shi. A jikin inji akwai hanyoyi kamar magudanai, ruwa na bi ta ciki. Famfon ruwa ne ke tura shi. Ruwan ya ɗebo zafi, ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto. A can iska ta huce shi. Ya dawo ta tiyon ƙasa, ya sake shiga inji. Haka yake zagayawa.

Idan mota na gudu, iskar hanya ta ishi lagireto. Idan ta tsaya, sai fanka ta karɓi aikin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A bakin hanyar ruwan akwai mai gadi. Shi ne tamostat. Ɗan ƙaramin abu ne, a cikinsa akwai wani irin kaki. Da safe, inji na sanyi, ƙofarsa a rufe take, don injin ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai maki 80 da 'yan kai, kakin sai ya narke ya kumbura, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto. Yana buɗewa yana rufewa, yana riƙe injin a wajen maki 90. Nan ne inji ya fi jin daɗin aiki.

Sai murfin lagireto. Mutane da yawa sun ɗauka murfi ne kawai, kamar na galan. A'a. Yana da sifirin da ke danne ruwa. Ruwan tukunya na tafasa a maki 100. Wanda aka danne a lagireto kuwa sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfi ya lalace, ruwa ya tafasa da wuri.

Ta ƙarshe ita ce sansa. Tana nan a jikin inji, bakinta a cikin ruwa. Ita ke jin zafin, ta aika wa allura ta waya. Ke nan allura ba ta san komai da kanta ba. Abin da sansa ta faɗa mata shi take nuna maka.

Ƙarin bayani ga masu motocin zamani. Yawancinsu an tsara allurarsu ta zauna daram a tsakiya, ko da zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. An yi haka ne don kada direba ya riƙa firgita. Saboda haka idan ka ga irin wannan allurar ta motsa, ka san magana ta yi nisa.

Yanzu kuma, masu sauraro, mu zo ga saƙon. Rawar allura kala-kala ce, kowace da ma'anarta.

Rawa ta farko ita ce irin tawa. A cunkoso ta hau, a kan hanya ta sauka. Wannan zancen iska ne. Zargi na farko a kan fanka yake. Ko fiyus ya ƙone, ko rile ya mutu, ko makunnin da ke tada ta, ko ita kanta ta gaji. Gwajin ba wuya. Tsayar da mota a inuwa, ka bar ta tana aiki, ka kasa kunne. A yawancin motoci, da ka kunna esi fanka za ta tashi. In shiru ka ji, ka kama ɓarawonka. Sannan ka leƙa fuskar lagireto. Ƙurar hunturu, matattun ƙwari, tsinken ciyawa, har ledar fiya wata, duk suna toshe ta. Wanda aka toshe wa hanci ba ya numfashi.

Rawa ta biyu kishiyar ta farko ce. A cikin gari lafiya lau. Amma da ka ɗauki hanyar Zariya ka taka, ko ka yi lodi, ko ka fara hawan tudu, sai ta hau. Direbobin da ke bi ta Hawan Kibo zuwa Jos sun san wannan. A nan iska ba ta yi kaɗan ba, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ko cikin lagireto ya cushe da tsatsa, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko tamostat ya buɗe rabi ya tsaya. Wani lokaci ma tsohon tiyon ƙasa ne ke lotsewa idan inji ya ja da ƙarfi, ya shaƙe ruwan.

Rawa ta uku ita ce mai yaudara. Da sanyin asuba a hunturu, ka kama hanya, allura ta kwanta can ƙasa kusa da C. Ka shigo gari ta ɗan ɗago. Direba sai ya yi murna, ya ce motata ba ta zafi. Ba abin murna ba ne. Ko tamostat ya maƙale a buɗe, ko kuma wani ya riga ya cire shi tun kafin motar ta zo hannunka. Zan dawo kan wannan, don akwai magana.

Rawa ta huɗu ba ta da lokaci. Ta hau a hankali, ta faɗo, ta sake hawa, a tsaye ko a guje. Wani sa'in kana jin ƙugin ruwa a bayan sitiyari, ƙulu-ƙulu, kamar cikin mai jin yunwa. Wannan ƙarancin ruwa ne, ko iska ce ta shiga hanyarsa. Sansa sai ta ji ruwa, sai ta ji tururi, sai ta ji iska. Abin da ta ji shi take faɗa. Kuma a nan akwai tarko, jama'a. Idan ruwan ya ƙare ƙaf, sansa ba ta da abin da za ta taɓa. Allura na iya faɗowa ƙasa, alhali inji na gasuwa. Don haka in ka ga ta hau sosai, sannan ta faɗo haka kawai, ga wari na tashi, kada ka ce ta warke. Tsaya.

Kuma ka tambayi kanka: ina ruwan ya tafi? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ba ya kuma raguwa banza. Hanyarsa a rufe take. In kullum sai ka ƙara, akwai inda yake yoyo. Duba ƙasan mota da safe. Duba bakin tiyo inda aka ɗaure. Duba gindin famfon ruwa. Inda ka ga wani farin busasshen tabo, ko kore, ko ja, nan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ruwa ya fita, ta nan iska ke shigowa.

Rawa ta biyar tsalle ce. Cikin ƙiftawar ido ta tashi daga tsakiya ta kai ja, ta dawo. Ka faɗa rami ta yi tsalle. Ka kunna fitila ta motsa. Ku yi tunani da ni. Ruwan buta ba ya tafasa a ƙiftawar ido, ba ya kuma hucewa a ƙiftawar ido. To, haka na inji. Wannan matsalar wuta ce. Ko soket ɗin sansa ya saki, ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko wayar at da ke haɗa batir da jikin mota ta yi tsatsa, ko sansar ce ta tsufa. Wannan aikin mai wayarin ne. Amma ko a nan, ka fara tabbatar da akwai ruwa kafin ka ɗora wa waya laifi.

Akwai kuma saƙon da ba wanda ke son ji. Shi ne na gaskit, wanda ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Idan ya ƙone, hayaƙin wuta sai ya riƙa kutsawa cikin ruwa. Alamunsa sanannu ne. Ruwa na raguwa amma ba ka ga ɗigo a ƙasa. Farin hayaƙi na fita ta salansa ko bayan inji ya yi ɗumi. Kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ta yankewa. Tiyon sama ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tada mota. Ka zaro sandar awon baƙin mai, ka ga ya koma kalar shayi da madara. In ka ga waɗannan, ajiye motar. Ci gaba da tuƙi shi ne zai sa injin ya buga.

Sai dai ku lura da wani abu. Gaskit ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Yawanci 'yar aike ta daɗe tana sallama, mai gida bai amsa ba. Yawancin injinan yanzu kansu na alminiyam ne. Zafi ya yi masa yawa sau ɗaya, sai ya lanƙwashe. Daga gyaran rile an koma sauke inji.

Mu ɗan tsaya a nan mu maimaita. A tsaye take hawa, duba fanka. A guje take hawa, duba zagayawar ruwa. A ƙasa take kwanciya, duba tamostat. Ba ta da lokaci, duba yawan ruwa da iska. Tsalle take yi, duba waya. Yaushe take hawa, yaushe take sauka. Shi ke nan.

To, yanzu ga wata tambayar. Kana tsakiyar hanya, ga iyali a mota, allura ta doshi ja. Me za ka yi?

Kashe esi tukuna. In hitar motarka na aiki, kunna ta har ƙarshe, ka sauke gilasai. Za ku sha zafi, amma tana janye zafi daga inji. Nemi wuri mai aminci ka sauka daga kan titi. In allura ta shiga ja, ko ka ga tururi, kashe injin. Kada ka ce bari in ƙarasa garin gaba. Garin gaban nan ya cinye injina da yawa.

Sannan ka jira. An ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wannan a kan tuwo ne. A kan lagireto, a bari ya huce shi ke tsare fuska. Na taɓa gani da idona a gefen hanya. Direban wata motar haya ya naɗe hannu da tsumma, ya murɗa murfi yana sauri, fasinjoji na masa ƙorafi. Ruwan ya yi tsartuwa sama kamar an fasa famfo. Ya tsira da idonsa, amma hannunsa da wuyansa sun saluɓe. Dalili kuwa mun riga mun faɗa. Ruwan nan a danne yake, ya wuce zafin tafasa. Kana sassauta murfi, sai ya zama tururi lokaci guda.

Ka ba shi aƙalla rabin sa'a. Ka taɓa tiyon sama da tsumma. In yana da tauri da zafi, lokaci bai yi ba. Kada kuma ka sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ko ka kwara masa a ka. Kowace uwar gida ta san abin da ke faruwa da kofin gilas mai zafi in aka zuba masa ruwan ƙanƙara. In ya huce, zuba ruwa a hankali, ka tafi sannu-sannu zuwa gareji mafi kusa, ido a kan allura.

Mun iso gareji. A nan shawarata ita ce a fara da mai araha. A duba ruwa. A duba murfi, a ga ko robarsa ta tsage. A duba fiyus da rile. A duba belin da ke juya famfo. Sai an gama da waɗannan ake zancen kwance wani abu.

Yawancin motocin da ke kan titunanmu yanzu suna da wurin jona na'urar bincike. A Amurka tun 1996 aka wajabta shi. In an jona, za ta nuna ainihin zafin da kwamfutar mota ke gani. In na'ura ta tsaya wuri guda amma allura na rawa, to allurar ce ko wayarta. In suna rawa tare, sai a auna jikin injin. Akwai bindigar auna zafi, mai kama da wadda aka riƙa haska mana a goshi lokacin korona, amma ta kanikawa daban ce. A haska ta a wuyan tiyon sama. A haska ta sassa daban-daban na lagireto. Inda ya yi sanyi alhali kewayensa na da zafi, nan ya toshe.

Shi ma tamostat ba a yanke masa hukunci da ka. A ciro shi, a ɗaura masa waya, a rataya shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. A jikinsa an buga makin da yake buɗewa. Lafiyayye zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. In ya ƙi, a sa sabo.

Abu na gaba shi ne fitar da iska. Wannan ne kanikawa da yawa ke tsallakewa. An canza tiyo, ko an wanke lagireto, an zuba ruwa, an rufe, an ce Alhaji an gama. Kwana biyu allura ta fara rawa. Ga yadda ake yi. Inji na sanyi, a ajiye mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu. A zuba ruwa a hankali. A murɗa hita zuwa zafi. A tada inji, murfi a buɗe. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa na faɗawa ƙasa, ana ƙarawa. A jira tiyon sama ya yi zafi, alamar mai gadi ya buɗe ƙofa. In kumfa ta yanke, a rufe. Wasu motocin, irin su Peugeot 406, suna da 'yan notunan fitar da iska na musamman, sai an sassauta su. Kashegari da safe a sake duba ruwan.

Yanzu bari in cika alkawari, in dawo kan cire tamostat.

Sau da yawa, motar da ta shigo daga Kwatano, abin da ake fara yi mata ke nan. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Hujjar ita ce, an ƙera ta don ƙasar sanyi, mu kuwa muna ƙasar zafi. Ban raina masu wannan magana ba. Sun ga motoci na tafasa, sun cire, sun ga allura ta sauka. Amma mu auna. Zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a bazara maki 40 ne da 'yan kai. Inji kuwa a 90 yake aiki. Ko a tsakiyar bazara, iskar waje sanyi ce a wurinsa. Waɗanda suka je aikin Hajji sun ga irin motocin nan namu suna yawo a Makka da Madina, cikin zafin da bai gaza namu ba. Kamfanonin da ke kai su can da tamostat ɗinsu suke kai su.

Me ke faruwa in an cire? Inji ya daɗe bai yi ɗumi ba. Kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Baƙin mai ma ba ya aiki sosai a inji mai sanyi, ƙarafa na cin juna. A wasu injinan ma abin ya fi haka. Tamostat ɗinsu aiki biyu yake yi. Yana buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya. In babu shi, ruwan zafi sai ya bi gajeriyar ya koma inji bai huce ba. Garin neman gira an rasa ido.

Haka haɗa fanka kai tsaye. In a daji ka maƙale, dabara ce mai kyau, za ta kai ka gida. Amma in ta zama ta dindindin, fanka na gajiya da wuri, tana jan wuta ba dalili, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye. Duk waɗannan toshe bakin 'yar aike ne. Saƙon bai canza ba, kai ne ka daina ji.

Magana ta ƙarshe a kan ruwan kansa. Leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi kullum. Ka ga farin abin nan da ya kama gindinta? Ruwan rijiya da na burtsatse haka suke yi wa lagireto, ga hanyoyinsa sirara kamar tsinken tsintsiya. Ga kuma tsatsa. Ruwan kulan, mai kalar kore ko ja, ba don hana daskarewa kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga makin tafasa. Wani an riga an gauraya shi, wani kuma sai an haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. A karanta jikin galan. Kada a cakuɗa iri biyu ba da sani ba. Kada a fasa ƙwai ko a zuba gari don toshe yoyo, zai toshe har inda ba a aike shi ba.

Iyaye mata, wannan taku ce. Ruwan kulan guba ne, ga shi da zaƙi, ga kala mai ɗaukar ido. Kada a zuba shi a robar lemo. Kada a ajiye shi inda yaro ko akuya za su kai baki.

Masu sauraro, lokaci ya ja. 'Yan'uwa kanikawa, kafin ku ɗauki sifana, ku yi wa mai mota tambayar dattijon nan: a tsaye take hawa ko a guje? Masu mota, gobe da safe kafin ku murɗa makulli, ku ɗaga bonet ku duba ruwa, minti ɗaya ya isa. Direbobin haya, ku da ke ɗauke da rayukan mutane, duk sanda kuka kalli allurar mai, ku kalli maƙwabciyarta. In ta motsa, ku lura da lokacin, ku faɗa wa mai gyara yadda kuka gani.

Allura 'yar aike ce. A saurare ta tun tana raɗa, kafin inji ya yi ihu.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.